Ɗaki na Uku na Siternin Bazaga

Birnin Konni, Juma'a 3 ga Fabrairu 2023

Zuwa ga ɗiyata Nasiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta iske ki lafiya kamar yadda ta bar mu. Innarki Tsahara tana gaishe ki, gwiwar ta yi sauƙi har ta koma zuwa kasuwa da ƙafarta. Ƙanwata, mahaifiyarki, ta zo daga Dogarawa ran Lahadi ta kwana biyu. Ta kawo mana wake, ta kuma ce in faɗa miki ki riƙa cin abinci, wai a hoton da kinka aiko wuyanki ya yi tsawo.

Tunda kin ce ba a shiga da salula inda kuke aiki, rezon waya kuma sai an hau tudu ana ɗaga hannu sama, na koma ga biro da takarda. Ki yi haƙuri da rubutun. Hannun da ya shekara talatin yana walda bai iya lallashin biro ba.

Ga labarin da ya sa na zauna. Na samu aiki mai daɗi. Matan garka na Bazaga, su Saratou shugabarsu, wani mai motoci ya ba su tsohuwar siterni kyauta, irin wadda ake dakon esansi, wato fetur, da ita. Kan motar ya mutu, tankin ya rage. Suna so in mai da shi rumbun ruwa: famfo ya cika shi da rana, su kuma su shayar da tumatir da kabeji ba sai sun yi ta jigilar duro a amalanken jaki ba. Mata ashirin da bakwai ne, kuma na ga garkar da idona, ƙasa ce mai kyau, ruwa kawai take kuka.

An jawo tankin har garejina. Ɗakuna uku ne a cikinsa, kowane da murfinsa a sama. Zan huda bangon da ke tsakaninsu, in sa famfuna, in yi masa ƙafafu. Yadda na saba zan yi: in wanke da omo, in bar shi a rana kwana uku, in sa hanci. In hanci ya ce to, sai wuta.

Wani abu kuma. Kullum a majalisa ana tambayata, wai ɗiyar nan taka da ta tafi bayan N'guigmi, mene ne aikinta? Sai in ce tana aikin gaz. Su ce sayarwa take? Sai in kurɓi shayi. Ki rubuto mini da Hausar da zan iya maimaitawa gaban mutane.

Allah ya tsare ki.
Kawunki, Munkaila mai walda

*

Sansanin aiki, Talata 14 ga Fabrairu

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na karanta ta sau biyu, na yi dariya ni kaɗai har abokiyar ɗakina ta leƙo. Ina lafiya, alhamdulillahi. A gaishe da Inna Tsahara, a ce mata kada ta ga sauƙi ta koma ɗaukar buhu. Ita kuma Inna ka faɗa mata wuyana nan yake inda ta bar shi, hular aiki ce ta yi mini girma.

Ga abin da za ka ce a majalisa: ɗiyata ita ke faɗin inda za a kunna wuta da inda ba za a kunna ba. Gaz ɗin da ke fitowa daga rijiya ba iri ɗaya ba ne, gauraye yake, iri huɗu ko biyar, kowane da halinsa. Kowace safiya muna ɗiban kaɗan mu ga me da me ke ciki, sannan in lissafa daga ina zuwa ina wannan gaurayen zai kama wuta in ya haɗu da iska. Ina kuma da ƴar na'ura da nake ratayawa, mai bututu, tana shaƙar iskar wuri ta nuna lamba. Masu walda da sunka girme ni da shekara ashirin suna tsaye da kayansu, ba mai ƙyasta ashana sai na auna na sa hannu a takarda. Da farko suna harara ta. Yanzu su ke aikowa a kira ni.

Abin da ke ƙarƙashin aikin duka ka riga ka san shi, a moto, wato babur, ka san shi. In mai ya yi kaɗan, moto ba ta tashi. In ta sha mai ya yi mata yawa, nan ma ba ta tashi, ka yi ta bugu a banza. Sai mai da iska sun daidaita take kamawa. Haka tururin esansi yake. Cikin kashi ɗari na iska, in bai kai kashi ɗaya da rabi ba, wuta ba ta samun abin ci. In ya wuce bakwai ko takwas, ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, wuta ba ta kamawa. Tsakanin nan ne mutuwa take zaune, kuma ka ga wurin ba shi da faɗi.

Shi ya sa maganar tankinka ta tsaya mini. Kawu, ka yafe mini, hanci ba ma'auni ba ne. Yana jin wari tun tururi bai kai ko kusa ba, in ya daɗe kuma sai ya gaji ya daina ji. Tururin esansi ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, cikin tsatsa da dattin gindin tanki, zafi ya taɓa shi ya tashi. Ruwan tankin kuma na shuka ne kawai, ka gaya wa su Saratou kada a sha.

Akwai sauran magana, amma Hakim direban da ke fita da takardunmu yana ta danna oda, in ya tafi sai wani mako. Kada ka yi gaggawa. Zan ƙarasa maka.

Ɗiyarka, Nasiba

*

Birnin Konni, Juma'a 24 ga Fabrairu

Ɗiyata Nasiba,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Zafi ya fara leƙowa, albasa ta cika gari, duk inda ka juya buhu ne.

Takardarki ta zo, kuma na karanta ta a majalisa da ƙarfi. Isma'il, mai garejin bakin tasha, wanda kullum yake ganin ya fi ni iya walda, ya ce a maimaita masa wurin moton. Na maimaita. Ranar ban biya shayi ba. Maganar hanci ce kawai na tsallake, wannan tsakanina da ke ne.

Na ji gargaɗinki, ban yi gaggawa ba. Ɗaki na ɗaya da na biyu na buɗe su, na wanke sau biyu, yau kwana tara suna shan rana. Na uku ne murfinsa ya ci tsatsa ya ƙi motsi. Na kwance ƴar magudanar ƙasa, warin da ya fito sai da na ja da baya. Da na so in fasa murfin da guduma. Sai na tuna karatunki: in ya yi yawa wuta ba ta kamawa. Wato ɗakin nan moto ce da ta sha mai. To me zai sa in buɗe shi in rage masa? Na mai da magudanar na ɗaure tam. A rufe zan bar shi, in yanke shi ta gefe, in ya buɗe sai in wanke a huce. Tsohon direban tankin ma ya ce mini rabin lokaci gazuwal, man dizal, ake zubawa a ɗakin, kin ga abin ya ƙara sauƙi.

Kin ga amfanin karatun lakwal, kin rage wa tsoho wahalar kwana biyu.

Ran Asabar 4 ga wata mai kamawa zan sa wuta, da safe kafin rana ta yi zafi. Saratou ta ce za su zo su gani da idonsu, har fura za su kawo.

Kawunki, Munkaila

*

Sansanin aiki, Asabar 4 ga Maris

Kawu,

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa kai ne kake karanta wannan da idonka.

Takardarka jiya da la'asar ta iso hannuna. Motar da ta ɗauko ta ta lalace a hanya, ta yi kwana biyu a Maine. Ina tsaye na karanta, da na zo wurin "a rufe zan bar shi" sai na yi salati.

Kawu, ba haka ba ne. Laifina ne, rabin magana na ba ka. In moto ta sha mai, me kake yi? Kana buɗe mata iska ka buga, sai ta tashi. Hudar da za ka yi a tankin ita ce buɗe iskar, wutar kuma tana hannunka a bakin hudar. Abin da ya yi yawa ba ya komawa kaɗan sai ya bi ta tsakiya. Kuma wa ya ce ma ya yi yawa? Ba wanda ya auna. Tankin da ya shekara a ajiye yana shan iska ta kowace kafa, mai yiwuwa tun tuni yana zaune a tsakiyar yana jira. Gazuwal ɗin ma ba sauƙi ba ne. In esansi kaɗan ya gauraya da shi, tururin da ke sama na esansin ne, sai dai ya ragu ya sauko daidai inda ake tsoro.

Rezo ya ɗauke mana tun ran Laraba. Na ruga buro, ofishinmu, na roƙi shef, maigidanmu, ya ba ni layin gaggawa. Na kira lambarka sau huɗu, a kashe. Ta Inna Tsahara ba ta shiga. Sai na tuna Ajudan Seyni na ƴan kashe gobara, wanda munka yi horo tare a Yamai bara, an kai shi aiki Konni, kuma na san suna da na'ura irin tawa. Ya ɗauka. Na ce Munkaila mai walda, siterni, gobe da safe, a hana shi. Yana cewa wane Munkaila, a wace unguwa, layin ya yanke. Har yanzu bai dawo ba, an ce sai an kawo wani ƙarfe daga Diffa.

Yau da safe na auna wurare uku na sa hannu a takarda uku, ban san abin da hannuna ya rubuta ba, sai da na sa abokin aikina ya sake dubawa. Ina kallon agogo ina cewa yanzu ya jawo tiyo, yanzu matan sun iso.

In Allah ya sa ba ka taɓa ba, ga abin da za a yi. A kori kowa daga wurin. A buɗe murfin da mai da haƙuri, ba guduma, ba abin da zai yi tartsatsi. A wanke da ruwan zafi da omo, a kwashe dattin ƙasa duka, kada kowa ya shiga ciki sai an auna iskar. A auna sama, tsakiya da ƙasa, kowane ɗaki, har biyun da ka wanke. Sai na'ura ta nuna sifili. Sannan a cika da ruwa har kusa da inda za ka yanka, a sake aunawa, a ci gaba da aunawa kana aiki.

Alhamis 9 ga wata. Sai yau Hakim zai fita. Kwana biyar ba labari. Ina gaya wa kaina da wani abu ya faru da an ji a rediyo. Don Allah ko layi ɗaya ne a aiko mini.

Nasiba

*

Birnin Konni, Lahadi 19 ga Maris

Ɗiyata Nasiba,

Wa alaikumus salam. Ni ne, da idona na karanta, da hannuna nake rubutawa, yatsu goma cif. Kowa lafiya. Ajudan ya ce ya samu buronku a waya ran Litinin da ta wuce ya bar miki saƙo, ina fata an ba ki. Salulata kuwa faɗawa ta yi cikin bokitin omo tun ranar wankin farko. Ta innarki tana wurin mai caji, ya rufe shago ya tafi biki.

Kin ce laifinki ne. A'a. Kin rubuta kada ka yi gaggawa, kin rubuta akwai sauran magana. Innarki ma da na karanta mata ta ce, "Malam, yarinyar nan ta ce ba ta gama ba." Na ce mata ita da walda sai kallo. Na ɗauki abin da ya yi mini daɗi cikin takardar na bar sauran.

Ga yadda anka yi. Ran Asabar na ja layi da alli a gefen ɗaki na uku. Na jawo tiyo, na sa tabarau a goshi. Su Saratou sun iso su goma sha ɗaya a amalanke biyu, sun zauna ƙarƙashin dogonyaron gareji, taku goma daga tankin. Na ɗauki ashana. Sai na tsaya ina kallon layin allin, wani abu yana ce mini, in ka huda, me zai fita, me kuma zai shiga? Na ajiye ashanar na sha fura. Na sake ɗauka. Saratou ta ce, "Malam Munkaila, ko furar ce ta yi tsami?" Matan sunka yi dariya. Kin san namiji da dariyar mata. Na gyara tabarau.

Sai ga moto ta shigo da gudu, wani dogo cikin kaki, gumi ya jiƙa shi. Bai ko yi sallama ba.

"Kai ne Munkaila mai siterni?"

Na ce ni ne.

"Baba, ajiye ashanar nan. Kai ne Munkaila na huɗu da na je wurinsa tun jiya."

Ashe ya je wurin mai faci, ya je wurin mai gyaran firiji, har da wani mai sayar da itace. Isma'il ne ya nuna masa hanya.

Na ce, "Ajudan, shekarata talatin a aikin nan."

Ya ce, "Na sani, Baba. Ɗiyarka ce ta aiko ni. Bari mu tambayi tankin, in ya yarda da kai sai in tafi."

Ya sa matan sunka koma can bakin titi. Ya fiddo na'urar, ga ta kamar ƙaramar rediyo. Ya zura bututun a ɗaki na ɗaya, shiru. Na biyu, a sama shiru, da ya kai shi ƙasa lamba ta ɗan motsa. Wanda na wanke sau biyu ke nan, wanda hancina ya ce to. Sannan ya kwance magudanar na uku ya kai bututun. Nasiba, abin nan ya yi kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, jar wuta tana ƙyaftawa. Ajudan ya dube ni, ya dubi layin allina, ya dubi inda matan sunka tashi, ƙwaryar fura tana nan a ƙasa. Ni kuwa na nemi benci na zauna.

Kin san abin da ya fi damuna? Da bai zo ba, da na ƙyasta ko da na fasa? Na tambayi kaina sau da yawa. Ban sani ba. Gaskiyar ke nan, ban kuma faɗa wa kowa ba sai ke.

Kwana shida munka yi. Murfin sai da ya sha mai kwana biyu ya buɗe. Baƙin dattin da munka kwaso daga gindin ɗakin ya cika bokiti uku. Kullum da safe Ajudan yana biyowa ya auna kafin ya wuce aiki, innarki tana ajiye masa ƙosai. Da takardarki ta iso shekaranjiya na ba shi ya karanta, ya ce ko shi da ya rubuta haka zai jera. Aikin kuwa, tun ran Juma'a 10 ga wata na'ura ta nuna sifili ko'ina. Munka cika da ruwa, na yanka, yana tsaye bayana da na'urar har na gama.

Tankin yana Bazaga yanzu a kan ƙafafunsa, na shafe shi da shuɗin fenti, na rubuta BA NA SHA BA da manyan baƙaƙe. Na je ranar da anka buɗe famfo. Saratou ta tsaya tana kallon ruwa yana bin kwalbati shi kaɗai har gindin kabeji, ta ce wannan azumin jakunansu ma za su huta. Ta ce in kin zo hutu ki biyo, tana so ta ga yarinyar da ta tashe su daga inuwa tana can ƙarshen duniya.

Mu masu walda na Konni mun zauna mu tara a garejina, Ajudan ya yi mana bayani, munka yi alkawari ba mai sa wuta a tankin mai sai an auna. Yau da hantsi wani direba ya zo daga ƙetaren iyaka, tankin motarsa yana ɗiga. Ya ce, "Baba, ɗan taɓa mini kawai, minti biyar, na zubar da man, ba komai ciki."

Na ce ya zauna, zan aika a kira Ajudan.

Ya ce shi sauri yake, ya ja motarsa ya tafi wurin Isma'il. Ba a yi rabin awa ba sai ga shi ya dawo. Na ce lafiya? Ya ce, "Wancan ma haka ya ce. Kuma shi ko benci ba ya da shi."

Yana nan zaune gabana yanzu da nake rubutu, ya sha shayi kofi biyu, yana ba innarki labarin farashin tumatir a Sakkwato.

Azumi ya ƙarato, Allah ya kai mu da rai da lafiya. Ya tsare ki a inda kike, ya yi wa aikinki albarka.

Kawunki, Munkaila